Furanni Ba Su Ciyar Da Marayun Soja

Jama'ar Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da sauran biranen Kudu, ga magana da ta shafe ku fiye da kowa. Ranar 15 ga watan Janairu ta kowace shekara manyan ƙasar nan sukan taru a Abuja, daura da Dandalin Eagle, gaban kushewar Sojan Da Ba A Sani Ba. Shugaban Ƙasa ya aza furanni, Mataimakinsa ya aza, shugabannin Majalisa da Babban Jojin Ƙasa da hafsoshin soja su bi baya. A busa begila, a harba bindiga, a saki fararen tantabaru, kowa ya shiga motarsa. Kafin la'asar an kwashe kujeru. Sai kuma baɗi, in Allah Ya kai rai.

A da can ranar 11 ga Nuwamba ake wannan taro, kamar yadda ake yi a Ingila, don tuna ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Farko a 1918. Aka mai da shi 15 ga Janairu domin a ranar ce, a 1970, Philip Effiong ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan, Yaƙin Basasa ya ƙare. Mutumin Arewa kuwa bai manta ba cewa a daren 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardaunan Sakkwato, aka tafi da Abubakar Tafawa Balewa aka kashe, aka harbe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Mohammed da Laftanar Kanar Abogo Largema da James Pam, tare da 'yan'uwansu na Kudu irin su Ademulegun da Shodeinde da Unegbe. Ashe ranar ta fi ƙarfin wasa.

To, me muke gani? A ƙarshen 2024 tsofaffin sojoji suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja, suka tare hanya suna neman haƙƙinsu, suka kuma komo a 2025. Daga wannan ƙofa zuwa inda ake aza furanni ba wata tafiya ba ce. Mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa a Laberiya da Saliyo da dajin Sambisa, yau da furfurarsa shi ke kwana bakin titi yana roƙon abin da yake nasa ne. In haka ake yi wa mai rai, wanda ke da bakin magana, yaya ke nan matar mamaci da ke can wani ƙauye na Borno ko Binuwai, ba ta san ofis ba, ba ta san kowa ba?

A watan Nuwamba 2018 aka auka wa sansanin soja na Metele a Jihar Borno. Hukumar soja ta ce mutum 23 ta rasa, jaridu suka ce adadin ya zarce haka nesa. Gardama ta tsaya a kan lissafi, kamar dai buhunan masara ake ƙirgawa. Kowane ɗaya daga cikinsu fa yana da suna, an yanka masa rago, yana da uwa. Gwamnatin da ke tsoron faɗin sunayen matattunta ba ta da bakin cewa tana tunawa da su.

Wannan ɗabi'a gadon Turawa ce. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka, sun mutu a Yaƙin Duniya na Farko ba a rubuta sunayensu ba, alhali Bature kowa da dutsensa da sunansa. Gwamnatin Ingila ta nemi gafara a majalisarta. Su ke nan da suka ɗauke mu bayi. Mu da muka karɓi mulkin kai tun 1960, wane hanzari gare mu?

An nuna mana cewa in an so ana iyawa. Da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta Jihar Delta a watan Maris 2024, an buga sunayensu da hotunansu, an binne su a Maƙabartar Soja ta Ƙasa a Abuja, Shugaba Tinubu ya halarta, ya ba su lambar girma, ya yi alkawarin gidaje da kuɗin makarantar 'ya'yansu. Madalla. Amma abin da ya dace da waɗannan 17 ya dace da kowane kurtu da ya faɗi a Malam Fatori ko Birnin Gwari ba tare da 'yan jarida sun ji ba. Haƙƙin maraya doka ya kamata ta tsare shi. Bai kyautu ya dogara ga ko labarin mutuwar ubansa ya yi amo ba.

Akwai kuma laifinmu. Sau da yawa mukan ji wani a Sabo ko Agege ko Mile 12 yana cewa wannan biki na gwamnati ne, ba ruwan ɗan kasuwa. Wanda ya faɗi haka bai san tarihin ƙasar da yake takawa ba. Rundunar sojan Nijeriya tana lissafin haihuwarta daga 1863, sa'ad da Glover ya tara mutum 18 a Ikko, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Shekara da shekaru Hausa ce harshen bariki. Barikin Dodan da ke Obalende, da Myohaung a Yaba, da Arakan da Tamandu a Apapa, da Letmauk a Badun, duk sunayen wurare ne a ƙasar Bama inda kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 suka yi yaƙi da Japanawa a 1944 da 1945. Kullum kuna wuce waɗannan ƙofofi. Da yawa daga cikin waɗanda suka dawo, aikin gadi suka ƙare da shi a gidajen Ikoyi, suka mutu ba wanda ya tambayi labarinsu. Su ne suka share muku wurin zama a Kudu.

Don haka ga abin da wannan jarida ke nema, ba kuwa roƙo take ba. Na farko, Gwamnatin Tarayya ta buga kundin sunayen duk sojan da ya mutu a bakin aiki tun daga Yaƙin Basasa, da garinsa da ranar rasuwarsa, a kuma karanta sunayen waɗanda suka faɗi cikin shekarar a bainar jama'a kafin kowa ya aza fure. Na biyu, kuɗin da ake tarawa wajen sayar da tambarin 'yan mazan jiya, a bayyana nawa ya shigo, nawa ya fita, hannun wa ya shiga. Na uku, Majalisa ta yanka wa'adin biyan iyalin mamaci, jami'in da ya danne takarda ya wuce wa'adi a hukunta shi.

Ku kuma, sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kudu, kada ku jira Abuja. Kowace unguwa ta rubuta sunayen tsofaffin sojojinta da matan da aka bari da marayu. Juma'ar da ta gabaci 15 ga Janairu a ambace su da sunansu a yi musu addu'a, Kiristocinmu su yi haka ran Lahadi, a tara abin da ya sawwaƙa a kai gidajensu. In ɗan takara ya zo neman ƙuri'a a zangonku, ku ajiye masa takardar a gabansa, ku tambaye shi abin da zai yi da ita.

A 2021 da aka buɗe kejin a Abuja, tantabarun suka ƙi tashi, mutane suka yi ta dariya. Matar sojan da ta shekara uku tana jiran kuɗin mijinta ba ta yi dariya ba. Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya raya abin da suka bari, Ya ba shugabanninmu kunya.