Matamaye: ya kamata a koya wa kwamfutar biro rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ

A ranar 26 ga watan Maris na shekarar 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi su zama harsunan aiki. Doka ta faɗi nata. Saura aikin hannu, kuma aikin hannun yana cikin birori, a gaban sakatarori da malaman rubutu waɗanda suke buga takardun jama'a kowace safiya.

A Matamaye, babban garin gundumar Kance cikin jahar Damagaram, wannan magana ba ta nesa ba ce. Ƙasar Hausa ce sosai, daga manoman rake na fadamu har zuwa fataken da ke bin hanyar Ɗan Barto su shiga Daura da Kano. Tun cikin shekarun 1960 yankin ya san aikin wayar da kan manoma da makarantun yaƙi da jahilci. Dattijon da ya zauna kan tabarma ya koyi baƙi da wasali a wancan zamani, an nuna masa da alli cewa ƙ dabam take da k, ɗ kuma dabam take da d. Yau in sanarwa ta fito daga kwamfuta, sau da yawa sai ya tarar da ƙugiyoyin duk sun zube.

Wasu ma'aikata suna ganin abin ƙarami ne, wai mai karatu zai gane da kansa. Wanda ya daɗe da karatu zai gane, gaskiya ne, don idonsa yana cike gurbi. Amma sabon mai karatu baƙi ɗaya-ɗaya yake bi, abin da aka rubuta shi yake furtawa. In an rubuta masa kasa a gurbin ƙasa, ya karanta gazawa. In takardar kira ta ce a taru a fada, ya san gidan sarki ake nufi. In kuwa faɗa aka so cewa aka bar ƙugiya, ma'ana ta juye gaba ɗaya. Takardar asibiti da ba ta bambanta bari da ɓari ba, ba takardar da za a miƙa wa ungozoma ba ce. Haka baki da baƙi, haka kafa da ƙafa. Mutumin da ya sha wahalar wata da watanni yana koyon ƙa'ida, in ya ga hukuma da kanta ba ta bin ƙa'idar, zai ɗauka wahalar banza ya yi.

Ƙa'idar kuwa tana nan a rubuce. Taron da UNESCO ta kira a Bamako a shekarar 1966 ya duba baƙaƙen rubuta harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A shekarar 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da dokar da ta tsaida rubutun Hausa a ƙasar. A nan ƴ ake rubutawa, kamar cikin ƴaƴa, inda Najeriya ta fi sabawa da 'y.

A zamanin tafireta akwai uzuri. Sakatare yakan buga k, ya zare takarda, ya ɗauki alƙalami ya lanƙwasa mata kai da hannu. Da kwamfuta ta shigo, aka ƙera wasu nau'o'in rubutu na musamman waɗanda suke ɓoye ƙ a bayan wata alama da ba a cika aiki da ita ba. Dabarar ta yi amfani a lokacinta, sai dai tana da illa: da an kai takardar wata kwamfuta wadda ba ta da wannan nau'in rubutu, baƙaƙen su rikiɗe su zama alamomin da ba su karantuwa. Littattafai da yawa na yaƙi da jahilci suna kwance cikin wannan hali. Yanzu uzurin ya ƙare. Tsarin duniya da ake kira Unicode ya ba kowane baƙi lambarsa tun farkon shekarun 1990, kuma baƙaƙen Hausa huɗu suna ciki, manya da ƙanana. Ke nan kwamfutar da ke kan tebur ta san su. Allon bugawa na Faransanci, wanda ya fara da AZERTY, shi ne bai ba su gurbi ba.

Ga hanya ta farko, wadda ba ta bukatar intanet ko sayen kome. Cikin Word, ko cikin LibreOffice wanda kyauta ake samunsa, a buga lambar baƙin, sa'an nan a danna Alt tare da X (a wasu nau'o'in Word na Faransanci, Alt tare da C). Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƙ 0199, ta ƴ kuwa 01B4. Manyansu: Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198, Ƴ 01B3. Akwai wani tarko da ke sa mutane su yi fushi su bar abin. In baƙin da ya gabaci lambar yana tsakanin a da f ne, na'urar takan haɗa shi da lambar ta fitar da wani abu dabam. Kalmar faɗa kanta tana faɗawa cikin wannan tarko. Maganinsa shi ne a sa U+ kafin lambar, wato a buga fa, a bi da U+0257, sa'an nan Alt da X.

Ba wanda zai buga rahoto mai shafi goma ta wannan hanya, ko da ya haddace lambobin kamar karatun allo. Don haka aikin da ya fi dacewa shi ne na yini ɗaya tak: a shiga Insertion, a zaɓi Symbole, a nemo baƙin, a danna Touche de raccourci a ba shi maɓallinsa, misali Alt da k su ba da ƙ. A yi haka sau takwas, an gama. Daga ranar kowace takarda da za a buga da Word a wannan kwamfuta ta samu baƙaƙenta. Mai son abin da zai yi aiki ko'ina, cikin Excel da wasiƙun intanet, sai ya sa Keyman, manhaja ce ta kyauta daga ƙungiyar SIL. Sau ɗaya ake saukar da ita, a ɗauka cikin kile a zagaya da ita biro-biro. Windows ma yana da allon Hausa nasa, amma an jera shi bisa tsarin Ingilishi, yakan rikita yatsun da suka saba da AZERTY.

Sai maganar mai gyaran rubutu na cikin Word. Shi Faransanci ya sani, don haka yakan ja jan layi ƙarƙashin kowace kalmar Hausa, wani lokaci ma ya sake ta ba da izni ba. A kashe shi in ana rubutun Hausa. Amma sashen da ake kira Correction automatique ana iya mai da shi bara mai amfani: a koya masa cewa kudi ya zama kuɗi, daya ta zama ɗaya, kauye ya zama ƙauye. Kada dai a sa masa kasa ko fada ko baki, domin waɗannan kalmomi ne masu zaman kansu, mutum ne kaɗai ya san wadda yake nufi.

Nau'in rubutu ma a lura da shi. Arial da Times New Roman na Windows na zamanin nan suna ɗauke da baƙaƙen. Ga littattafan masu koyo, Andika ya fi, don an zana shi musamman saboda sababbin masu karatu, kuma kyauta ne. Takardar da za a kai wani wuri a buga, a mai da ita PDF tukuna, ta haka ƙugiya ba ta ɓacewa a hanya. Tun da wuta ba ta sallama kafin ta ɗauke, a riƙa danna Ctrl da S, a kuma rage lokacin ajiyar kai da kai daga minti 10 zuwa 3.

Duk wannan bai kai kuɗin kwalin takarda ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne umurni. Sakatare ba zai ƙara wa kansa aiki ba in shugabansa yana sa hannu kan takarda marar ƙugiya ba tare da ya ce uffan ba. Ya kamata hukumomin gunduma su tara masu buga takardu na birori da makarantu da asibitoci, ma'aikatan yaƙi da jahilci su ba su horo na yini guda, a manna lambobin takwas a jikin bango kusa da kowace kwamfuta. Masu shagunan buga takardu na cikin gari su ma a gayyace su, don wurinsu ne ƙungiyoyin manoma da na mata suke kai rubutunsu. Ribar ba ta Hausa kaɗai ba ce: Fulatanci ma da ɓ da ɗ da ƴ ake rubuta shi, kwamfutar da aka gyara sau ɗaya za ta yi wa makiyayi aiki kamar yadda za ta yi wa manomi. Bayan horon, takardar Hausa da ta iso teburin shugaba babu ƙugiya, a mayar da ita a sake bugawa, kamar yadda ake mayar da ta Faransanci in an bar mata kuskure.