Nahawu Da Jarrabawar Turanci: Zance Ga Yaran Zabarmari Da Malamansu

Duk wanda ya ji an ambaci Zabarmari, shinkafa ce ke fara zuwa masa a rai, sa'an nan kuma baƙin cikin ranar 28 ga Nuwamba 2020, ranar da aka yi wa manoman garin kisan gilla a gonakin Koshebe, washegari aka yi jana'izar mutum 43. Allah Ya jiƙansu. To, 'ya'yan waɗannan manoma da ƙannensu su ne dalilin zancenmu na wannan mako, domin su ma suna zama jarrabawar WAEC da ta NECO, takarda iri ɗaya da wadda ake miƙa wa yaron da ya tashi a Ikko yana jin Turanci tun yana goye. Mai duba takarda ba ya tambayar inda yaro ya fito. Ba ruwansa da cewa a watan Maris na 2014 gwamnatin Jihar Barno ta rufe makarantun sakandarenta saboda tashin hankali, ko cewa ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta mamaye Maiduguri da Jere a watan Satumba na 2024. Kuma kamar yadda kowa ya sani, in yaro bai ci Turanci da kyakkyawan sakamako ba, ƙofar Jami'ar Maiduguri a rufe take gare shi, ko da ya cinye sauran darussa.

A takarda ta biyu ta Turancin WAEC, rubutun insha'i yana da maki 50, karatu da amsa tambayoyi yana da 20, taƙaita labari kuma yana da 30. Watau rabin makin takardar ya rataya ne a kan ko yaro ya gane abin da ya karanta. Galibin iyaye, har da waɗansu malamai, suna ɗaukan cewa ƙarancin kalmomi ne ke kayar da yara a nan, sai a sa su haddar ƙamus. A ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Sau da yawa yaro ya san ma'anar kowace kalma a cikin jimla, amma bai san wa ya yi wa wani me ba.

Ga misali, a ba yaro wannan jimla: The rice which the farmers sold to the traders from Kano was not dry. Sa'an nan a tambaye shi, me ne ne bai bushe ba? Babu kalma ɗaya mai wuya a ciki. Amma yaron da ke bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar shinkafa a masussuka, kafin ya kai ƙarshe ya manta farko, sai ya cafki sunan da ya fi kusa da shi. In da Hausa aka ce, "Shinkafar da manoma suka sayar wa fataken Kano ba ta bushe ba," ko ɗan shekara biyar ba zai ruɗe ba, domin wannan "ta" ɗin ta nuna masa shinkafa ake nufi. Haka Hausa take: kafin aikatau akwai ɗan wakilin suna, "ya" ko "ta" ko "suka", mai komar da kai ga wanda ya yi aikin, ya kuma gaya maka lokacin da aka yi shi. Turanci yana da rowa wajen irin wannan alama. A jimlar da ke sama alamar tana cikin kalmar was, wadda ta abu ɗaya ce, saboda haka ba za ta koma ga manoma ko fatake ba, tun da su jam'i ne. Yaron da aka taɓa nuna masa wannan, ya sami idon da zai karanta jimloli ɗari masu irin wannan gini.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan kama yaranmu. Bahaushe ya saba mai aiki ya zo farko, wanda aikin ya faɗa wa ya biyo baya. In kuma ba ya son ambaton mai aikin, sai ya ce "an cuce shi". Bature kuwa yakan juya jimla baki ɗaya: The trader was cheated by the driver. Yaro ya ga ɗan kasuwa a gaba, sai ya ɗora masa laifin cuta, alhali kuwa shi aka cuta. Labaran da ake kawowa a jarrabawa, musamman na kimiyya da sha'anin mulki, cike suke da irin wannan juyi. Haka nan ƙananan kalmomi irin su although da unless da however, waɗanda yara ke tsallakewa don sun ga ba su da nauyi, su ne ke karkata ma'anar sakin layi ɗungurungum. Kai, dubi He works hard da He hardly works: na farko jarumi ne a gona, na biyu kuwa malalaci.

Hukumar jarrabawar ma ba ta ɓoye abin da take nema ba. Kusan kowace shekara takan ciro wani yanki daga cikin labarin ta ce a faɗi sunansa na nahawu da aikin da yake yi a jimla. Takan kuma zaɓo waɗansu kalmomi ta ce a kawo waɗanda za su maye gurbinsu, kuma a nan in kalmar aikatau ce a shuɗaɗɗen lokaci, wanda ya kawo suna ko ya sake lokacin ya yi asarar makin, ko da ma'anar ta yi kusa. A wajen taƙaitawa kuma cikakkiyar jimla ake so, mai aikau da aikatau. Wanda ya iya ware gangar jimla mai tsayuwa da kanta daga wadda ke dogare da ita, ya san abin da zai riƙe da abin da zai zubar.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke mantawa da dukiyar da ke hannunmu. Barno ƙasar karatu ce tun kafin Turawa su san hanyar Tafkin Chadi. A zaurukan malamai ana karanta Ajurumiyya, ɗan littafin nahawun Larabci da Ibn Ajurrum, mutumin Fas, ya wallafa shekara ɗari bakwai da suka wuce, wanda ya kasa magana kashi uku, suna da fi'ili da harafi. Almajirin da ya zauna gaban malam yana fitar da fa'ili da maf'uli a jimla, aikin da ake nema a jarrabawar Turanci ke nan yake yi, harshen ne kawai ya bambanta. Haka kuma nahawun Hausa da ake koyarwa a sakandare, wanda malamai irin su Farfesa M.K.M. Galadanci suka share wa hanya da littafinsa na 1976. Me zai hana malamin Turanci ya ce wa aji, "Ku nemo mini fa'ili," ko "Ina aikau, ina karɓau?" Waɗansu na ganin kamar ƙasƙanci ne a sa Hausa ko Larabci ko Barbarci a darasin Turanci. Ni kuwa ban ga ribar minti arba'in na Turanci zalla da yaro ya fita bai kama komai ba.

Sai dai a yi hattara. Ba haddar ta'arifi nake kira a koma yi ba, irin wadda aji ke rerawa da ƙarfi kamar waƙa, a tashi ba wanda zai iya nuna aikatau a cikin jarida. Nahawun da ke da amfani shi ne wanda ake yi a kan labari, da fensir a hannu. A ɗauki sakin layi guda daga tsofaffin takardun jarrabawa, waɗanda ake sayarwa a kantunan littattafai na Maiduguri. Yaro ya ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, ya nemo mai aikin, ya zagaye kowace it da they da which ya ja kibiya zuwa sunan da take wakilta. Sa'an nan ya faɗi jimlar da Hausa. In ya kasa faɗinta da Hausa, bai gane ta ba, ko da ya karanta ta da murya mai daɗi.

Nauyin dai yana komawa kan malamai, kuma a nan akwai abin damuwa. A 2022 kwamitin da Gwamna Babagana Umara Zulum ya kafa ya gwada malaman firamare 17,229 na jihar, ya sami 5,439 ne kaɗai suka cancanci koyarwa, 7,975 kuma suna bukatar ƙarin horo. Yaron da ya ratso irin wannan firamare yakan iso sakandare da giɓi babba. Tun da akwai Kwalejin Ilimi ta Kashim Ibrahim da sashen Turanci na Jami'ar Maiduguri a kusa, ya kamata duk horon da za a ba malamai ya ƙunshi kwatanta ginin jimlar Turanci da na harsunan da yaran ke magana da su a gida. Wannan ba ya bukatar injin ba da wuta ko kwamfuta, allo da alli sun isa.

Ga masu shirin JAMB kuma, a tuna cewa tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 daga cikinsu na Turanci, watau daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Babu lokacin karanta jimla sau huɗu, saboda haka aikin fensir ɗin nan tun daga aji huɗu ya kamata a fara shi. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba sashen taƙaita labari da kurakuran da ke cinye maki a cikinsa.