WAYAR LANTARKI A CIKIN ƘWAƘWALWA

A shekarar 2007 wasu likitoci a ƙasar Amurka, ƙarƙashin jagorancin Dokta Nicholas Schiff na Jami'ar Cornell, suka ba da labarin wani mutum ɗan shekara 38 da aka yi wa mugun duka a ka. Shekara shida yana kwance, da ƙyar yake motsi, ta tiyo ake ba shi abinci. Likitocin suka huda ƙoƙon kansa, suka dasa siraran wayoyi a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, wurin da ake kira talamus, watau mahaɗar da ke riƙe mutum a farke. Da aka riƙa sakar masa ɗan lantarki daga batirin da aka sa masa a ƙirji, sai ga shi yana furta kalmomi, yana tauna abinci yana haɗiyewa.

A watan Disamba na 2023 kuma, shi Dokta Schiff da likitocin Jami'ar Stanford suka bayyana sakamakon irin wannan aiki a kan mutum 5 masu tsohon rauni a ka. Waɗannan suna tafiya, suna magana, amma hankalinsu ba ya tsayawa wuri guda. Bayan kwana 90 ana kunna musu na'urar awa 12 kullum, saurinsu a jarrabawar tattara hankali ya ƙaru da wajen kashi 32 cikin ɗari.

Wannan batu ya shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai, musamman masu sana'ar acaɓa, waɗanda buguwar kai ba baƙon abu ba ce a wurinsu. Sau da yawa mutum zai tashi daga jinya, ƙashi ya haɗe, amma ya koma mai mantuwa da saurin gajiya, har 'yan'uwa su ce lalaci ne ko aljanu. Alhali kuwa binciken ya nuna cewa hanyoyin ƙwaƙwalwar ne suka yi sanyi, kuma mai yiwuwa ne a farfaɗo da su ko bayan shekaru. Irin wannan mutum likita yake bukata, da haƙurin iyalinsa.

To, amma fa mutum 5 ba su isa hujja ba. Aiki ne na tiyata mai tsada da hatsari, kuma sai an gwada shi a kan mutane da yawa kafin ya zama magani. Saboda haka duk wanda ya zo zango ko tasha yana tallar na'urar da wai ke wasa ƙwaƙwalwa, yana kafa hujja da likitocin Amurka, to, kada a ba shi ko kwabo.