Gyaran Gangar Auzinawa

Akwai wata ɓarna da ake yi a garuruwanmu da sunan gyara, ba kuwa mai cewa uffan. Mutum ya gaji adaka ko kujera ko gadon maɗaci daga kakanninsa, ƙafa ɗaya ta yi lako-lako, sai ya kai wa kafinta. Kafinta ya ɗauko ƙusa mai inci huɗu ya dandaƙa, ya malala jan fenti, ya ce an gama. Mai kaya ya biya, har da godiya.

Ni ma an yi mini. Adakar kakata ce, ta maɗaci, murfinta ya ɗan tsage. Na kai wa wani kafinta, bayan kwana biyu ya miƙo mini ita tana ƙyalli kamar motar haya, da ƙusoshi tara a jikinta. Kafin hunturu biyu tsagar ta ratsa daga wannan baki zuwa wancan. Garin gyaran gira na rasa ido.

Ga dalili, ya kai mai karatu. Itace ko ya shekara ɗari da sarewa bai daina motsi ba. Da damina ya sha laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke. Magabata sun san haka, shi ya sa in za su haɗa katako biyu sai su fafe rami a wannan, su sassaƙe bakin wancan ya shige daidai, kana su soka ƙusar itace ta riƙe. Duka ukun tare suke kumbura, tare suke tsukewa. Ƙusar ƙarfe kuwa ba ta san damina ba, ba ta san rani ba. Tana nan ƙiƙam, itacen yana ja, har ya tsage. Sa'an nan ta yi tsatsa, ta baƙanta wurin, ta cinye naman itacen da ke kewaye da ita.

Fenti ma bai fi ta kirki ba. Gara daga ciki take ci, ta bar fatar waje lafiya lau, fenti kuwa ya rufe maka ido har ranar da za ka zauna ka ji ka a ƙasa. Kafin a shafa shi kuma sai an sa inji an kankare wannan duhun sheƙi da hannayen mutane suka bari shekara da shekaru. Ba kasuwar da ake sayar da shi, in ya tafi ya tafi ke nan. Alhali abin da tsohon itace ke bukata kaɗan ne: a goge dauɗa da tsumma mai ɗan laima, a bar shi ya bushe a inuwa, a mulke shi da kakin zuma. Inda ya ɓalle a yi masa ƙari da irin itacensa, a bi yadda zarensa ya kwanta. In za a manna, a yi da gam irin na da, wanda ake dafawa daga guntayen fata, gama shi ruwan ɗumi yana sakinsa, mai gyaran gobe ya kwance ba tare da ya fasa kome ba.

Na san abin da kafinta zai ce: aikin nan kwana uku ne, mai kaya kuwa kuɗin sa'a guda yake biya, kuma shi ne mai son ƙyalli. Gaskiyarsa. Rabin laifin namu ne.

Amma masu cewa a yar da tsoho a sayi sabo, su ne ban yarda da su ba ko kaɗan. Wane sabo? Galibin abin da ke cike da shaguna yau garin katako ne aka danne da gam aka lulluɓe da leda, in ruwa ya taɓa shi ya kumbura kamar burodi a shayi. Itacen kirki kuwa yana ƙarewa. An yi ta sare maɗobiya, musamman a Taraba, ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har a 1916 ba wanda zai yi mafarkin haka, sai ga shi a 2016 yarjejeniyar duniya da ake kira CITES ta sa ta cikin itatuwan da ba a fitarwa sai da izini. A 2022 aka ƙara da maɗaci da kawo. Watau katakon da ke jikin tsohuwar adakarka ya fi wanda za ka samu a kasuwa, in ma ka samu.

Saboda haka in za ka kai gyara, tambayi kafinta da me zai haɗa, da me zai shafa. In ya nuna maka gwangwanin fenti, ɗauki kayanka ka yi gaba. Tawa adakar wani tsoho masassaƙi ne ya cire mata ƙusoshin ɗai-ɗai, ya toshe ramukan da maɗaci. Jan fentin da ya shige zaren itacen kuwa har yau bai fita duka ba.