Rufin Ajinmu: A Bar Wa Zafi Ƙofar Fita

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a Batsari ko Safana cikin watan Afrilu ya san yadda aji yake komawa bayan ƙarfe sha biyu. Zafin waje yakan haura digiri 40, kwanon rufi kuwa yana iya kaiwa digiri 60 ko fiye. Ɗalibai sai gyangyaɗi, malami sai sharce gumi. A nawa ra'ayin, rabin wannan wahala mu muka jawo wa kanmu da irin rufin da muke yi.

Bari mu duba abin da kimiyya ta ce. Iska idan ta ɗumama sai ta buɗe, ta rage nauyi, ta tashi sama, mai sanyi ta maye gurbinta. A digiri 30, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare tana da nauyin kilo 1.16, a digiri 60 kuwa kilo 1.06 ne kawai. Wannan ɗan bambanci ya isa ya motsa iska ba tare da fanka ba.

To, ina ruwan gangaren rufi? Idan kwano a shimfiɗe yake, iskar da ke ƙarƙashinsa ba ta da inda za ta, sai ta kwanta nan. Idan kuwa a karkace yake, sai ta bi jikinsa tana hawa zuwa ƙololuwa. Ƙarfin da ke tura ta ya dogara da tsayin gangaren. Rufin da ya karkata digiri 30 yana samun rabin ƙarfin da bango miƙaƙƙe zai samu, mai digiri 10 kuwa kusan kashi ɗaya cikin shida. Masanan Japan biyu, Fujii da Imura, sun auna irin wannan a 1972 da faranti mai zafi da suka riƙa karkatawa.

Amma hawa ba tare da mafita ba aikin banza ne. Kakanninmu ba su da wannan matsala: jinka tana da tsayin gangare, ciyawa kuma tana barin iska ta ratsa, soron azara kuwa kaurin ƙasarsa ke jinkirta zafi. Mu da muka rungumi kwano sai muka kwantar da shi don tsimin katako, muka toshe ko'ina.

A fannina na nazarin halittu, abin ya fi ƙarfin jin daɗi. Jikin ɗan Adam yana riƙe zafinsa a wajen digiri 37, kuma idan ɗaki ya kai haka, bushewar gumi ce kaɗai ke sanyaya shi. Gumi kuwa ba ya saurin bushewa inda iska ba ta motsi.

Saboda haka ina kira ga ƙananan hukumomi da kwamitocin iyaye: duk ajin da za a gina ko a gyara, a ɗaga gangarensa, a bar kafa a ƙasan rufi da wata a ƙololuwa, a kuma sa silin, domin kwano yana jefo zafi kai tsaye kamar garwashi. Wani zai ce ƙura da ruwa da jemagu za su shiga. Gaskiya ne, amma ragar waya da hular kwano a kan kafar sun wadatar, kuma kuɗinsu bai kai na janareta ba.

Ku ɗalibai, kada ku tsaya ga maganata. Ku jingina guntun kwano a rana inda babu iska, ku kunna turaren tsinke a gindinsa, ku ga inda hayaƙi zai bi. Ku kwantar da shi ku sake gwadawa, sannan ku kai wa shugaban makaranta abin da kuka gani. Gani ya kori ji.