Wasan Buzuzu da Hawainiya

Akwai wani irin wasan kwaikwayo da ba a magana a cikinsa. Jiki ne ke bayani, sai ƴan kayan da ke hannun mai wasa: ƙwarya, faifai, tsumma, karan hatsi. Da Faransanci ana ce masa « théâtre d'objets ». Ya kamata kowane aji ya samu rabin awa a mako don wannan wasa, kuma a yi shi a kan ƙananan halittun da ke filin makaranta.

Dalili kuwa, yaro ba ya iya kwaikwayon abin da bai duba da kyau ba. In malam ya ce a yi tafiyar buzuzu, yawancin yara za su tura ƙwallon tsumma gaba da hannu. Sai an fita an tsuguna an kalli buzuzu sannan a ga ba haka yake yi ba. Da baya yake tafiya, kansa a ƙasa, ƙafafunsa na baya ke mirgina dunƙulen kashin shanu. Yakan kai shi nesa ya binne, ƙasa ta samu taki. A shekarar 2013 masana suka bayyana cewa wani buzuzu na Afirka ta Kudu yana bin hasken taurari da dare don kada ya karkace hanya.

Hawainiya ta fi wuyar kwaikwayo. Takan ɗaga ƙafa, ta yi rangaji gaba da baya kamar ganye a iska, kafin ta aje ta. Idanunta kuma kowane da inda yake kallo. Yara biyu sai su lulluɓa da zane ɗaya, kowa ya riƙe ludayi a matsayin ido, ɗaya na duban gabas, ɗaya na duban yamma. Da wuya yaron da ya taɓa zama idon hawainiya ya ɗauki dutse ya jefe ta.

Har lissafi yana shiga. Yara 3 a jere sun yi tururuwa, mai ƙafa 6. Gizo-gizo kuwa sai an ƙaro na huɗu.

Wasu iyaye na cewa karatu aka kawo yaro, wasa yana gida. Maganarsu abin saurare ce, don kwanakin makaranta ba su da yawa. Amma a dubi ɗan ajin farko, wanda yakan wuni bakinsa a rufe saboda bai ji Faransanci ba tukuna. A wannan wasa ba ya tsoron kuskure. Idan ya gama rarrafe, malam ya rubuta « tururuwa » da « la fourmi » a allo, kalmar ta riga ta samu wurin zama a kansa.

Wasan kuma ba baƙo ba ne. A Damagaram an daɗe ana Wasan Kara, inda matasa ke kwaikwayon manyan gari. Yaran ƙauye ma sun saba ƙera mota da tabarau da kara. Ba a bukatar sayen komi. Abu ɗaya malam zai tsare: a kalli dabba a inda take, kada a kamo ta cikin aji, kunama kuwa a dube ta daga nesa.

Ajin da ke da gawo kusa ya samu wasan shekara guda. Yara su tsaya da tsummoki a hannu. In mai kiɗan ƙwarya ya buga saukar ruwa, sauran itatuwa su ɗaga ganyensu, gawo shi kaɗai ya zubar da nasa.