Kiɗan da Ke Ɗauke da Lokaci: Frieren da Ma'aunin Kiɗan Anime

Duk lokacin da masu kallon anime, wato fina-finan zane na ƙasar Japan, suka zauna zaɓen kiɗan da ya fi burge su, sunaye kaɗan ne suke ta maimaituwa. Akwai Joe Hisaishi, wanda ya fara aiki da Hayao Miyazaki tun fim ɗin Nausicaä na 1984. Akwai Yoko Kanno, wadda ta gina Cowboy Bebop na 1998 a kan kiɗan jaz. Sai Hiroyuki Sawano, mai ganguna da amshin taron muryoyi a Attack on Titan na 2013, da Yuki Kajiura, wadda ta shahara da tsara waƙoƙi cikin kalmomin da ita ta ƙirƙira, waɗanda ba na kowane harshe ba ne. Duk sun cancanci yabo. Sai dai ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen irin wannan zaɓe yana da rauni, domin yana auna daɗin kiɗa ne bayan an raba shi da labarinsa. Wannan sharhi yana da ra'ayin cewa kiɗan rakiyar fim ya kamata a auna shi da aikin da ya yi wa labari, kuma shirin Frieren, wanda aka nuna daga 2023 zuwa 2024, shi ne misali mafi bayyana a 'yan shekarun nan.

Labarin da ya fara daga ƙarshe

Asalin Frieren littafin labari ne mai zane, irin wanda Japanawa ke kira manga. Kanehito Yamada ne ya rubuta, Tsukasa Abe ya zana, mujallar Weekly Shōnen Sunday kuma ta fara buga shi a 2020. Ya ci kyautar Manga Taishō a 2021. Kamfanin Madhouse ya mayar da shi anime ƙarƙashin bada umarnin Keiichirō Saitō, aka fara nuna shi a gidan talabijin na Nippon TV ranar 29 ga Satumba, 2023, da kashi huɗu a dare guda. Zangon farko ya ƙare a watan Maris na 2024 da kashi 28.

Abin da ya bambanta shi da sauran labaran jarumta shi ne ya fara daga inda su suke ƙarewa. An riga an kashe Sarkin Shaiɗanu. Ayarin mutum huɗu, wato jarumi Himmel, da malamin addini Heiter, da mayaƙi wada Eisen, da mai sihiri Frieren, ya dawo gida bayan tafiyar shekara 10. Ita Frieren daga jinsin elf take, halittar tatsuniyoyin Turai mai tsawon rai, kuma ta haura shekara 1000 a duniya. Shekara 10 a wurinta ba ta kai abin ƙirgawa ba. Ta yi sallama da abokanta kamar wadda za ta leƙa kasuwa, ta dawo bayan shekara 50 don su kalli zubar taurari tare, ta tarar Himmel ya tsufa tukuf. Ba da jimawa ba ya rasu. A bakin kabarinsa ne ta gane cewa ba ta taɓa ƙoƙarin saninsa ba, alhali ta san ran mutum gajere ne. Sauran labarin tafiya ce zuwa ƙarshen arewa, tare da matasa biyu, Fern da Stark, a kan hanyar da tsohon ayarin ya bi. Shirin ma yakan rubuta kwanan wata da lissafin shekarun da suka wuce bayan rasuwar Himmel. Jigon labarin ke nan: lokaci, da mantuwa, da nadamar da ta zo a makare.

Matsalar da kiɗa ya warware

Irin wannan jigo yana jefa mai bada labari cikin wahala. Tauraruwar labarin ba mai yawan magana ba ce, fuskarta ba ta cika nuna abin da ke ranta ba, kuma ita kanta ba ta gama fahimtar zuciyarta ba. Sunanta ma kalmar Jamusanci ce mai nufin jin sanyi ko daskarewa, kamar yadda Himmel ke nufin sama, Eisen ƙarfe, Fern nesa, Stark mai ƙarfi. Idan aka sa ta bayyana damuwarta da baki, an rushe halinta. Idan aka bar ta shiru, mai kallo zai ɗauka ba ta damu ba.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara wa magana rauni a wannan duniya. Shaiɗanun labarin sun koyi harshen mutane ne don yaudara kawai. Suna kiran uwa da uba ba tare da sanin ma'anarsu ba, saboda sun lura kalmomin suna sanyaya hannun mai riƙe da takobi. A duniyar da mugu ya fi kowa iya magana, mai gaskiya kuma ya fi kowa ƙarancinta, dole a sami wata kafa da gaskiyar zuciya za ta bi ta isa ga mai kallo. Kiɗa shi ne wannan kafa.

Wanda ya tsara kiɗan shi ne Evan Call, Ba'amurke da aka haifa a 1988, wanda ya yi karatu a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston kafin ya koma Japan da zama. Shi ya yi kiɗan Violet Evergarden a 2018, da na wasan tarihi na shekara-shekara na gidan NHK a 2022. A Frieren ya haɗa babbar ƙungiyar makaɗa ta okestira da amon kiɗan gargajiya na ƙauyukan Turai, mai sarewa da kayan tsirkiya, irin wanda kunne kan danganta da Ayilan. Muhimmin abin da ya yi shi ne amfani da abin da Bahaushe zai kira take, wato ɗan gajeren amo da ake maimaitawa har kunne ya ɗaure shi da wani mutum ko wani yanayi. Kamar yadda jin taken basarake yake sanar da zuwansa tun kafin a gan shi, haka dawowar amon da aka saba ji a lokacin tsohon ayari take sanar da mai kallo cewa Frieren ta tuna, ko da fuskarta ba ta motsa ba. An ce gani ya kori ji, amma a nan ji ne yake cike gurbin da gani ya bari.

Wannan dabara tana yin wani aiki na biyu. Labarin yakan tsallake watanni da shekaru cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ta jera hotunan bazara da kaka da hunturu ba tare da magana ba. A kashi na biyu Frieren ta shafe wata shida tana neman wata fure ta garin su Himmel don ta ƙawata gunkinsa. Abin da ke haɗa irin waɗannan hotuna su zama tafiya guda shi ne kiɗa, wanda ke ci gaba a natse yayin da shekaru ke zubewa. Ta haka mai kallo yake ɗanɗana lokaci yadda Frieren ke jin sa, sannan ya juya ya ga yarinya Fern ta girma, ya tuna abin da wannan lokaci yake nufi ga ɗan Adam.

Ƙarfin da aka ɓoye

Kashi na 10 ya ba da hujja mafi ƙarfi. A nan ne aka bayyana cewa malamar Frieren, Flamme, ta hore ta da ta riƙa danne ƙarfin sihirinta tsawon rayuwarta, don shaiɗanu su raina ta. Shaiɗaniya Aura, wadda ke auna ƙarfin abokin gaba da ma'auni ta mallake wanda ta fi, ta faɗa wannan tarko. Tsarin kiɗan shirin yana bin wannan hikima sau da ƙafa. Galibin lokaci a sanyaye yake, wani wuri ma babu shi sam, sai ƙarar iska da takun sawu. Saboda haka, idan aka saki cikakken amon faɗa, irin kiɗan da aka sa wa suna Zoltraak, sai ya girgiza mai kallo fiye da yadda zai yi a shirin da ke ruri tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya ciro Zoltraak shi kaɗai ya sa a jerin waƙoƙin wayarsa zai ji daɗinsa, amma ya rasa rabin ƙarfinsa, domin rabin nan yana cikin shirun da ya gabace shi. A nan ne ma'aunin "wanda aka fi so" yake gazawa: ba ya iya ƙirga shiru.

Kasuwa da waƙar buɗewa

Akwai dalilin kasuwanci da ya sa wannan ma'auni ya yi rinjaye. Yawancin shirye-shiryen anime gamayyar kamfanoni ce take zuba musu jari, kuma sau da yawa akwai kamfanin waƙa a ciki. Aniplex, ɗaya daga cikin manyan masu shirya anime, mallakar Sony Music ta Japan ne. Waƙar buɗewa, mai tsawon kimanin daƙiƙa 90, ta zama hajar sayarwa mai zaman kanta. Gurenge ta LiSA, wadda ta buɗe Demon Slayer a 2019, ta kai mawaƙiyar dandalin Kōhaku na ƙarshen shekara. Idol ta YOASOBI, wadda ta buɗe Oshi no Ko a 2023, ta hau saman jadawalin Billboard na duniya wanda ba ya haɗawa da Amurka. Idan aka tambayi mai kallo kiɗan da ya fi so, sau tari waƙar buɗewa yake ambata, mai tsara kiɗan cikin shirin kuwa ko sunansa bai riƙe ba.

Frieren ma bai tsira daga wannan ba. YOASOBI ne suka yi waƙar buɗewa ta farko, Yūsha, milet ta yi ta rufewa, Anytime Anywhere, sannan Yorushika suka yi ta buɗewa a rabi na biyu, Haru. Masu kallo da dama sun yi ƙorafin cewa saurin Yūsha da amonta na na'ura ba su dace da natsuwar labarin ba. Wasu sun kare ta da cewa kalmominta sun yi daidai da jigon, kuma YOASOBI dama sun saba gina waƙoƙinsu a kan gajerun labarai. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma muhawarar kanta ta tabbatar da batun wannan sharhi. Waɗanda suka yi ƙorafi ba su ce waƙar ba ta da daɗi ba. Sun ce ba ta dace ba. Ke nan, a cikin zuciyarsu sun san dacewa da labari ita ce ma'auni, ko da kuwa jerin zaɓensu bai nuna hakan ba.

Sukar da ta cancanci amsa

Ana iya cewa irin wannan kiɗa dabara ce ta matso hawaye, wato yana tilasta wa mai kallo jin abin da labarin bai kai ga samarwa ba. Wannan suka tana da tushe a fina-finai da yawa. Amsarta a Frieren ita ce tsari. Take ba ya aiki sai an riga an shuka shi. Amon da ya sosa rai a kashi na 14 ya yi hakan ne saboda kunne ya san shi tun kashi na farko, kuma labarin ya tara masa ma'ana a tsakani. Wanda ya fara kallo daga tsakiya ba zai ji abin da na farko ya ji ba. Da matsa hawaye ne kawai, da ya yi aiki a kan kowa daidai.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Rabi na biyu na zangon, wanda ya karkata ga jarrabawar masu sihiri, ya cika da sababbin fuskoki da gasa da faɗa, har wasu suka ga shirin ya koma sahun sauran labaran samari. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma a nan rawar ce ta sauya, kiɗan ya bi ta. Gaskiya ne cewa waɗannan kashi-kashi sun rage wa kiɗan damar yin aikinsa na musamman. Wannan ma darasi ne: kiɗan rakiya ba ya ɗaga labari sama da inda marubuci ya ajiye shi.

Suka ta uku ta shafi asali. Labarin Japan ne, sunayen Jamusanci, mai kiɗan Ba'amurke, amon kuma na ƙauyen Turai. Kevin Penkin, ɗan Ostareliya, ya yi makamancin haka a Made in Abyss na 2017. Wasu na ganin wannan a matsayin gushewar asali. Amma Turan da ke cikin Frieren ba ta taɓa wanzuwa a taswira ba. Ƙasa ce ta tunani, kuma damuwar da ke ƙarƙashin labarin, wato tausayin abin da ke shuɗewa, tsohon jigo ne a adabin Japan, wanda malaminsu Motoori Norinaga ya yi sharhi a kansa tun ƙarni na 18 da sunan mono no aware. Kayan kiɗan aro ne, abin da suke faɗa kuwa na gida ne.

Abin da ya rage

Ba laifi ba ne mutum ya so wani kiɗa don daɗinsa kawai. Amma idan masu sharhi da masu bada kyaututtuka suka ɗauki yawan sauraro a manhajojin waƙa a matsayin ma'aunin inganci, masu zuba jari za su bi sahu, su nemi amo mai ƙarfi da za a iya yanka a sayar, su guji haƙurin da shiru ke bukata. Wanda zai yi asara shi ne irin labarin Frieren, mai tafiya a hankali, mai dogaro da tunin mai kallo. Hanyar gwaji mai sauƙi ce ga duk mai son tabbatarwa: a kalli jana'izar Himmel da sauti, sannan a sake kallo an kashe shi. Abin da ya ɓace tsakanin kallon biyu shi ne aikin Evan Call, kuma da shi ya kamata a auna shi da takwarorinsa.